Kifi Ma Yana Zuwa Goyon Ciki

A gidanmu, kamar a gidaje da yawa a nan Jalingo, idan cikin fari ya kai wata bakwai ba a barin yarinya a ɗakinta. Iyaye mata ne za su zo su tafi da ita gida goyon ciki. A can za ta haihu, a can za ta yi wankan jego, ta sha kunun kanwa, ta ci ƙauri, sai ta yi arba'in, wata ma ta zarce, sannan a mai da ita ɗakin miji. Shi kuwa miji ba ya musu. Nasa shi ne ya aika da itace da kayan yaji da abin da ya sawwaƙa, ya haƙura da kewa. Babu wanda ya rubuta wannan doka a takarda, amma kowa ya san mai ciki tana da hanya, kuma ba a tare mata. Ko a tasha ne za ka ji kwandasta yana cewa, "Jama'a a matsa wa Hajiya, a bar mata gaba."

Abin da ya tuna mini da wannan kifi ne. Daminar da ta wuce, wajen watan Yuli, na sayo tarwaɗa uku manya a kasuwa, ɗanyu, har suna motsi a cikin leda. Da aka zo gyarawa a bakin rariya, Inna ta zuba musu toka ta murje yauƙin, ta sa wuƙa ta tsaga cikin ta farko. Sai ga ƙwai ya ɓullo, jaka biyu dogaye, cike maƙil da 'yan ƙwayoyi kamar gero, launinsu tsakanin kore da ruwan ƙasa. Ta biyu ma haka. Ta ɗora su a tafin hannunta tana jinjinawa, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ai masu ciki ka sayo mana." Na ce, "Inna, haka na same su a faranti." Ta ce, "Na sani. Can aka tare su a hanya." Miyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma maganar ta zauna mini a rai, domin ƙwan da ke tafin hannunta dubbai ne, kuma kowanne da an bar shi da zai iya zama abin da wani zai sa a tukunya baɗi.

Tun daga ranar nake yawan tuna wani kifi da ba mu da shi a ruwanmu, sai dai mu gan shi a talabijin yana tsalle a kan duwatsu, wato salmon. Duk duniya babu kifin da ya riƙe al'adar goyon ciki kamarsa. Ana ƙyanƙyashe shi ne can saman kogi, a ƙorama mai sanyi ƙarara wadda ƙasanta tsakuwa ce. Idan ya ɗan yi wayo sai ya bi ruwa ya gangara teku, jikinsa ya sauya har ya iya zama cikin ruwan gishiri. A can zai yi shekara biyu, uku, wani har biyar, yana kiwo yana ƙiba, kamar yaron da ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal. Ranar da lokacin haihuwa ya yi, sai ya juyo. Ba kowane kogi zai shiga ba, sai nasu. A cikin kogin ma ba kowane reshe ba, sai ƙoramar da aka haife shi. Masana sun tabbatar da cewa idan ya kusa gida da hanci yake gane hanya, yana bin ƙanshin ruwan da ya sani tun yana ƙarami. Wanda ya taɓa daɗewa a tafiya ya san wannan. Tun daga zaure kake jin ƙanshin daddawar gidanku, ka san ba ka yi ɓatan kai ba.

Tafiyar kuwa ba ta wasa ba ce. Akwai wani jinsi mai jan jiki da ke barin tekun Fasifik ya shiga kogin Kolombiya a Amurka, ya bi ta kogin Sinek, har ya kai wani tafki a jihar Aidaho da ake kira Redfish. Nisan ya kai kilomita 1,400, wato kusan tsawon kogin Binuwai gaba ɗaya tun daga tsaunukan Kamaru har Lakwaja. Kuma duk hawa ne, domin tafkin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,000, ya fi garin Gembu bisa. Daga ranar da ya shiga ruwan daɗi ba ya ƙara cin abinci, da kitsen da ya tara a teku yake tafiya. Idan sun isa, macen za ta kwanta a gefe ta riƙa bugun tsakuwa da wutsiya har ta haƙa rami, ta zuba ƙwai dubbai, namijin ya zuba nasa, ta rufe. A nan ne kwatancen ya rabu da namu, domin 'yarmu tana yin arba'in ta koma ɗakinta da goyo a baya, amma salmon na tekun Fasifik ba ya komawa. Uwa da uba duk a wurin suke mutuwa. Gawarsu ce ke ciyar da namun daji da tsuntsaye da ƙwarin ruwa, waɗannan ƙwarin kuma su ne abincin 'ya'yan idan sun fito.

To wannan kifin ne mutanen gaɓar tekun, tun daga Kalifoniya da Oregon da Washinton har Kanada da Alaska, suke fita kamawa don nishaɗi. Ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa, ya tara kuɗi, ranar hutu ya tashi tun asuba ya shiga jirgin ruwa da sandar fatsa. A wurinmu abin yana kama da wasan yara, irin wanda muka yi a bakin Mayo Gwoi da zare da ƙugiya da tana, muna sa ɗan guntun kara ya yi mana ishara idan kifi ya taɓa. Amma a can harka ce babba, mai riƙe da masu jirage da masu masauki da masu sai da kayan su. Babban jinsin da suke nema, wanda suke kira sarki, yakan yi girma ƙwarai. A 1985 wani ya kama ɗaya a kogin Kenai na Alaska mai nauyin kilo 44. Mu da muka san giwan ruwa ba za mu yi mamaki ba, tunda a bikin Argungu na 2005 an fito da kifi mai kilo 75. Bambancin shi ne nasu da zare guda aka ja shi.

Kafin ɗayansu ya fita, sai ya tambayi halin ruwa, kuma tambayoyin nasa duk matar gida za ta gane su. Na farko sanyi. Salmon ba ya son ɗumi, ya fi walwala a ruwan da bai wuce digiri 12 ko 13 ba, idan sama ta yi zafi sai ya nutse ƙasa, dole mai fatsa ya ƙara wa zarensa nauyi ya bi shi. Sanyin nan kuwa iska ce ke kawo shi. A lokacin bazararsu iskar arewa tana kaɗawa a gefen gaɓa, ta ture ruwan sama zuwa tsakiyar teku, sai na ƙasa mai sanyi, mai ɗauke da abinci, ya taso ya maye gurbinsa. Daidai yake da kunu a ƙwarya. Idan aka bar shi ya kwanta, sama tsararo ne, kaurin yana ƙasa, sai an sa ludayi an motsa kowa zai sha mai daɗi. Iskar arewa ita ce ludayin teku. Shekarar da ta motsa da kyau ƙananan halittu su yawaita, ƙananan kifaye su ƙoshi, salmon ya yi ƙiba. Shekarar da ba ta motsa ba, yunwa ce. Daga 2014 zuwa 2016 wani makeken ruwan ɗumi ya zo ya kwanta a wannan yanki na teku ya ƙi tafiya, 'ya'yan salmon da suka gangaro a lokacin da yawa ba su rayu ba, kuma masunta ba su ji zafin abin sosai ba sai bayan shekara biyu zuwa uku, lokacin da ya kamata waɗancan su dawo. Haka fari yake: bana ake rasa ruwa, baɗi rumbu yake faɗa.

Na biyu cikowa da janyewar teku. Mu mutanen tudu mun saba kogi ya cika sau ɗaya a shekara, amma teku sau biyu yake cikowa ya janye a yini da dare, bisa jan wata. Mai fatsa yana da jadawalin wannan a aljihunsa kamar yadda muke da na lokutan salla. Ya san kifi ya fi cin ƙugiya da sassafe da kuma daidai lokacin da ruwa ke juyawa, kamar yadda mai ƙosai ta san ba da azahar ake ciniki ba. Ya kuma san akwai sa'ar da ba a tsallaka bakin kogi, lokacin da ruwan kogi mai fita ya yi karo da igiyar teku mai shigowa. Bakin kogin Kolombiya ya ci jirage masu yawan gaske ta wannan hanya. Duk wanda ya taɓa tsallaka Binuwai a kwalekwale a Ibi ko Lau cikin watan Satumba, ya ga yadda matuƙi ke tsayawa ya dubi ruwa ya dubi sama kafin ya ce a shiga, ya san wannan ilimin ba na wata ƙasa ɗaya ba ne. Na uku kuma tsuntsaye. Inda suka taru suna faɗawa ruwa, ƙananan kifaye ne a wurin, salmon yana ƙarƙashinsu. Mu ma ai idan muka hango ungulu na shawagi mun san mahauta ba nisa.

Duk wannan ƙwarewa ce, kuma masuntanmu ba su gaza kowa a irinta ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tambaya ta huɗu, wadda ita ce ta farko a wurinsu: an buɗe ko ba a buɗe ba? Domin gaskiyar magana, kifin da suke kamawa a bakin teku mai tafiya gida ne. Su ma masu ciki suke tarewa. Sai dai sun yi wa abin tsari irin na rumbu. Manomi mai hankali idan ya girbe, kafin a kai ko dami ɗaya wurin sussuka, sai ya zaɓi zangarniya mafi kyau ya ɗaure ya rataye, wannan iri ne, ko yunwa ta yi yaya ba a taɓa shi. Haka suke yi. Kowace shekara masana suna ƙiyasta yawan kifin da zai dawo kowane kogi, a fara ware adadin da dole ya isa gida ya haihu, abin da ya saura shi ake rabawa tsakanin masu su don sayarwa da masu nishaɗi da ƙabilun asali na yankin, waɗanda wata kotu a jihar Washinton ta tabbatar musu da rabin abin kamawa tun 1974. Majalisar da ke kula da su a wannan teku takan zauna a watan Afrilu ta tsai da ranakun buɗewa da rufewa. Amurka da Kanada ma sai da suka ƙulla yarjejeniya a 1985 a kan kifin nan, tunda ba ya neman biza kafin ya tsallaka iyaka.

Mai fatsa sai ya sayi lasisi. A wurare da yawa kifi biyu ne iyakarsa a yini, kuma akwai kati da zai rubuta duk wanda ya kama nan take. Ƙugiyarsa ba ta da ƙayar nan mai hana fita, don in ya kama wanda bai halatta ba ya iya sakinsa ba tare da ya yaga masa baki ba. Kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo na gwamnati ana yanke masa wani ɗan fiffike da ke kusa da wutsiya tun yana ƙarami, kamar yadda ake tsaga kunnen akuya don a san mai ita. A lokuta da dama mai yankakken fiffike kaɗai za ka tafi da shi gida, mai cikakke ɗan daji ne, sai ka mai da shi ruwa. A bakin gaɓa akwai ma'aikata masu ƙirga abin da aka fito da shi, ranar da adadin ya cika sai a rufe, ko da kwanakin ba su ƙare ba. Idan kuma lissafi ya nuna irin ma bai isa ba, ba a buɗewa sam. Haka aka yi a Kalifoniya a 2008 da 2009, aka sake yi a 2023 da 2024, bayan fari da janye ruwan kogin Sakramento zuwa gonaki sun rage kifin. Masu jirage sun yi kuka, wasu sun sai da jiragensu, amma an rufe.

Kada mai karatu ya ɗauka yabon Turawa nake yi. Ba su koyi wannan ba sai da suka yi ɓarna mai yawa. An ƙiyasta cewa kafin zuwansu kifi miliyan 10 zuwa 16 ke shiga kogin Kolombiya duk shekara. Suka kama na kamawa suka cika gwangwani, sannan suka gina madatsun ruwa. Madatsar Bonneville da aka gama a 1938 an yi mata matakala ta ruwa don kifi ya hau, har da taga inda ake zama ana ƙirga masu wucewa. Amma babbar madatsar Grand Coulee da ta biyo baya ba a yi mata ba, duk kifin da gidansu ke bayanta suka zo suka tarar da katanga. Ka ƙaddara yarinya ta taso da cikin wata tara, ta iso unguwarsu, ta tarar an gine lungun da bulo. Tafkin nan na Aidaho da na ambata, wanda sunansa ma daga jan kifin ya samo asali, a 1992 kifi ɗaya tak ya dawo cikinsa, namiji, babu macen da zai tarar. A kogin Klamat kuma, a 2002, kifi sama da 30,000 suka mutu a hanya saboda ruwa ya yi kaɗan ya yi ɗumi. Ƙabilun Yurok da Karuk suka yi shekaru suna fafutuka har aka rushe madatsu huɗu, aikin ya ƙare a watan Oktoban 2024. Cikin 'yan makonni sai ga salmon a can sama, a wuraren da aka fi shekara 100 ba a gan shi ba. Hanya kawai aka buɗe masa.

Namu kifin ba ya zuwa teku, amma shi ma yana da gidan haihuwa, kuma gidan shi ne fadama. Idan ruwan sama ya kankama, Binuwai da Taraba da Donga suka fara tasowa, ruwa ya bi ta ƙananan mashigai ya malala cikin ciyawa, sai kifi ya biyo shi. Tarwaɗa da dare take shiga, a ruwan da bai kai gwiwa ba, ta zuba ƙwanta ya manne a jikin ciyawa. Bargi sheƙa yake yi, zagayayya, ya share tsakiyarta ya tsaya gadi. Yauni ma haka, tasa a kan ruwa take yawo. Karfasa kuwa akwai wadda a baki take goyo: uwar ta kwashe ƙwan ta riƙe, ba ci ba sha, har su ƙyanƙyashe, bayan nan ma in sun ji tsoro bakinta suke komawa. A cikin ciyawar nan 'ya'yan suke samun abinci da maɓoya daga tsage da giwan ruwa. Wannan shi ne wankan jegonsu. Idan kaka ta yi ruwa ya fara janyewa, sai su biyo shi su koma kogi sun yi ƙwari, wasu kuma su rage a tafkuna. Duk kifin da ake banda a Tella da Lau da Ibi da Mayo Ranewo, ake lodawa a kwali zuwa Jalingo da kudu, daga wannan 'yan watannin ya fito.

Kakanninmu sun san haka, kuma sun yi masa doka tun kafin a zo da takarda. Jukunawan Wanu da Wurbo da Sarkawan da suka zo daga ƙasar Kabi duk suna da ruwan da ba a shiga sai an ba da izini. Tafkin Nwonyo da ke kusa da Ibi shi ne shaidar da ta fi fitowa fili: ruwa ne da Sarkin Ruwa ke tsaro, a bar kifi ya hayayyafa ya girma, sai ranar biki a buɗe wa jama'a. An yi shekaru ba a yi bikin ba, sai a watan Afrilun 2024 aka farfaɗo da shi. Haka ruwan Matan Fada yake a Argungu, inda bikin ya samo asali tun 1934. Mutane suna zuwa kallon manyan kifaye suna tafi, amma ba kowa ke tuna cewa haƙurin wata goma sha ɗaya ne ya haifi wannan yini guda ba. Abin da majalisar can ta Amurka take yi da kwamfuta a watan Afrilu, shi Sarkin Ruwa yake yi da sanda da kwarjini.

Yau fa? Je ka bakin mashigi a farkon damina ka gani. An jera gura baki da baki, an kafa shinge daga wannan gaɓa zuwa waccan, ko ɗan yatsa ba zai wuce ba. Mai shiga haihuwa a kama ta, idan kaka ta yi mai fitowa ma a kama shi tun bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Taru ya koma mai ƙananan ido, wasu ma gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi shi suke ja a ruwa, ya kwaso har abin da ido bai gani sosai. Na taɓa tsayawa gaban wata mai tallan busasshen kifi, mudu cike da 'yan mitsi-mitsi, na ɗebo a hannu na duba. Ba irin ƙananan nan ba ne da ba sa girma. 'Ya'yan karfasa ne da na kurungu, har da ƙayarsu. Na ce, "Baba, waɗannan ai jarirai ne." Ta ce, "Ɗana, abin da suka kawo ke nan, manyan sun yi tsada." Ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ita ta ja tarun ba. Sannan ga masu zuba guba, maganin ƙwari na gona, su kashe na ci da wanda ba na ci ba, a kawo mana kasuwa mu saya mu ba yara. Dokar su ta cikin gida da aka kafa a 1992 ta haramta kama kifi da guba da nakiya da lantarki, ta kuma ba hukuma ikon rufe ruwa na wani lokaci. Dokar tana nan a takarda. A bakin ruwa ne ba a ganinta.

Ga kuma katanga, mu ma muna da tamu. Tun da aka gama madatsar Lagdo a Kamaru a 1982, wani ɓangare na ruwan Binuwai ya daina zuwa da lokacinsa, sai ya jira hannun mai buɗe ƙofa. Mun fi tuna ta a shekarun ambaliya, irin 2012 da 2022, da gidaje da gonaki suka tafi. Amma kifi ma yana da nasa lissafin. Yana son ruwa ya taso a hankali, ya daɗe a fadama, ya janye a hankali. Ruwan da ya zo dare ɗaya ya koma dare ɗaya yakan bar ƙwai a busasshiyar ƙasa. Fadamar kanta kullum raguwa take, shinkafa tana cinye ta, maganin feshi yana gangarawa cikinta, yashi yana cike mashigai saboda an sare itatuwan gaɓa. Ban ce a daina noman shinkafa ba, da ita muke rayuwa. Amma gidan da aka mai da kowane ɗaki shago, ina mai jego za ta kwanta?

Na san abin da masunci zai ce, kuma yana da gaskiya. Wancan Ba'amurken idan an rufe masa teku, nishaɗi ya rasa, zai koma gida ya buɗe firji. Namu idan an ce kada ya shiga ruwa wata biyu, tukunyarsa aka kife. Shi ya sa ba na goyon bayan a zauna a ofis a Jalingo a rubuta sanarwa, a tura jami'ai su ƙwace taru, su karɓi na goro su tafi. Wannan ba zai ceci kifi ko ɗaya ba. Amma mijin da matarsa ta tafi goyon ciki shi ma ai yana shan wahala, yana cin abincin gidan yayarsa, yana haƙuri, saboda ya san abin da za a dawo masa da shi, kuma dangi ba sa barinsa shi kaɗai. Lokacin haihuwar kifi ya zo daidai da lokacin noma, masunta da yawa kuma manoma ne. Idan tallafin taki da iri da gwamnati ke rabawa ya isa ƙauyukan bakin ruwa a kan lokaci, aka haɗa shi da alkawarin ɗaga shinge, rabin aikin ya yi. Ba a ma buƙatar rufe kogi duka. A bar tsakiyar kowane mashigi a buɗe daga farkon cikowar ruwa zuwa lokacin da ya tsaya. A ware tafki ɗaya ko biyu a kowace gunduma da ba a taɓawa sai rani. A hana gidan sauro da guba, hani na gaske. Kuma a damƙa tsaron a hannun Sarkin Ruwa da dattawan masunta, waɗanda suka san wane ne ya fita da dare, hukuma ta tsaya musu a baya.

Sai ƙirga. Wannan ne abin da na fi jin kishinsa a tsarin mutanen can. Suna iya gaya maka kifi nawa ya wuce ta taga kaza a rana kaza shekaru tamanin da suka wuce. Mu kuwa hujjarmu ita ce tsofaffi sun ce da kifi ya fi haka yawa, ya fi haka girma. Na yarda da su, in kifi ya fito ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Amma maganar baki ba ta isa a tsai da ranar buɗewa da rufewa ba. Muna da Jami'ar Jihar Taraba da Kwalejin Aikin Gona a cikin garin nan, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa. Ɗalibi da sikeli da littafi, yana zama a bakin ruwa a Lau ko Tella kwana biyu a mako, yana rubuta irin kifin da nauyinsa da ko yana da ƙwai, cikin shekara biyar zai ba mu abin da ba mu taɓa samu ba. Matar da ba ta auna hatsin rumbunta da mudu ba ta sanin ya kusa ƙarewa sai ranar da hannunta ya taɓa ƙasa.

Mu masu saye ma muna da hannu a ciki, domin ba a jan tarun da ba a sayen abin da ya kamo. Ni dai tun ranar da Inna ta nuna mini ƙwan nan a tafin hannunta, daga Yuni zuwa Agusta ba na sayen tarwaɗar kogi mai kumburarren ciki, sai in nemi ta kiwo, ga ta nan a wurin masu tafkunan siminti a cikin gari. Mudun jarirai kuwa na daina saye ko da rani. Mai karatu, idan ka je kasuwa daminar bana, ka juya kifin ka dubi cikinsa kafin ka yi tayi, in mai ƙwai ce ka gaya wa mai sayarwa dalilin da ya sa ka ajiye ta.